Ga mai awo da mudu biyu

Akwai wani a majalisarmu da in aka tayar da hirar ƙwallon Amurka sai ya gyara zama, ya ɗaga yatsa, ya fara raba wa mutane matsayi kamar shi ke riƙe da makullin zauren gwanaye na Canton, inda ake karrama fitattun 'yan wasan da suka yi ritaya. Ban kira suna ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Na daɗe ina yin shiru, don wanda kuke cin abinci a kwano ɗaya ba a yi masa tonon silili a gaban yara. Amma abin da ya faɗa a kan Torry Holt, tsohon mai cafe ƙwallo na ƙungiyar Rams, ya tsaya mini a wuya. Wai Holt ɗan alfarma ne, wai Kurt Warner, mai jefa masa ƙwallo, shi ne ya goya shi, wai ko wa aka saka a cikin Rams ta wancan lokaci zai tara yadi. Ya faɗa yana murmushi, yaran da ba su ga zamanin ba suna gyaɗa kai.

To, mai goyo, saurara. A kakar 2003 wasa ɗaya tak Warner ya fara, sauran duk Marc Bulger ne ke jifa. A wannan shekarar Holt ya cafe ƙwallo 117, ya ci yadi 1,696, babu wanda ya kamo ƙafarsa a gasar NFL gaba ɗaya. Warner ya tattara ya koma New York, Holt bai fasa ba. Kaka shida a jere, daga 2000 zuwa 2005, bai taɓa yin ƙasa da yadi 1,300 ba. Ko a 2007, da Rams ta lalace har wasa uku kacal ta ci, ya haura yadi 1,100. A wace shekara ce aka goya shi, kuma a bayan wa?

Ni na ga yadda yake karya gwiwa a tsakiyar gudu. Zai taho a guje kamar mai nufin ƙarshen fili, mai tsaronsa ya juya ƙugu ya bi, sai kawai ya dasa ƙafa ɗaya ya yanko ciki, ƙwallo na isowa daidai ƙirjinsa, wancan kuwa yana can yana neman inda ya ɓace. Wannan ba a ganinsa a guntun bidiyon minti biyu da wasu ke kalla da safe suna shan shayi, su fito suna yi mana fatawa. Sai wanda ya hana idonsa barci har ƙarfe huɗu na asuba. Yana sabon shiga ya cafe bakwai, ya ci yadi 109 da ci ɗaya a wasan ƙarshe na Super Bowl da suka doke Titans a Janairun 2000. Warner ya sa kwat mai ruwan zinare ta shiga zauren Canton, Marshall Faulk ya sa, Orlando Pace da Isaac Bruce sun sa, har kocinsu Dick Vermeil. Holt kuwa sau shida a jere, daga 2020 zuwa 2025, yana kaiwa matakin ƙarshe na zaɓen ana mayar da shi gida.

Da a ce mutumin namu mudu ɗaya yake awo da shi, da na ce ra'ayi riga ne. Amma irin 'yan kasuwar nan ne masu saye da babban mudu su sayar da ƙarami. In ɗan wasa ya samu gwanin mai jifa, ya ce goya shi aka yi. In bai samu ba, ya ce ina zobensa na cin Super Bowl? Ta ko'ina ya tare hanya.

Reggie Wayne na Colts ma wai Peyton Manning ne ya goya shi. Ranar 7 ga Oktoban 2012 Manning yana Denver. Mai jifan Colts yaro ne sabon shiga, Andrew Luck, kocinsu Chuck Pagano yana kwance a asibiti da kansar jini, Packers kuma na gaba da 21 da 3 a hutun rabin lokaci. Wayne, yana da shekara 33, ya fito da safar hannu ruwan lemo saboda kocinsa. Ya cafe 13, ya ci yadi 212, ciki har da wata da ya fizgo da hannu ɗaya Charles Woodson na Packers yana maƙale da shi, sannan ya miƙa ƙwallo ta tsallaka layin ci saura daƙiƙa 35 a tashi. Ya gama kakar da cafa 106. Mutumin da ya yi ritaya da cafa 1,070 da yadi 14,345 ne ake kira ɗan rakiya.

Sai Steve Smith na Panthers, kuma a nan ina magana ne a kan wanda ya taɓa sa ni kwana da baƙin ciki. A Janairun 2004, a St. Louis, a ƙarin lokaci na biyu, shi ya cafe ƙwallon nan ya zura yadi 69 ya fitar da Rams ɗina daga gasa. Na kashe talabijin na zauna cikin duhu, na kasa tashi. Duk da haka ba zan tauye masa haƙƙi ba. Ɗan guntun mutum ne, ƙafa biyar da inci tara. Ya karye a ƙafa a wasan farko na 2004, ya dawo a 2005 ya zama na ɗaya a yawan cafa, da yadi, da ci, kuma Jake Delhomme ne ke jefa masa. Da aka zo kansa sai mudun goyo ya ɓace, aka zaro na zobe. Alhali shi wannan mai awon, bakinsa ba ya gajiya da yabon Calvin Johnson, wanda bai taɓa cin wasan fitar da gwani ko ɗaya ba. Calvin ya cancanci shiga Canton, ban musa ba. Zoben ne dai ba a tambaye shi ba.

Mun kuma san inda aka dosa, kifi na ganinka mai jar koma. Duk wannan rage wa mutane tsawo don a buɗa wa Hines Ward na Steelers hanya ne, saboda rigar Steelers da wani ke sawa har wurin ɗaurin aure. Ina girmama Ward. Jarumi ne wajen tare wa abokan wasa hanya, shi ne gwarzon Super Bowl na 2006, yana da cafa 1,000 cif. Amma kaka 14 ya yi ya tara yadi 12,083, Holt ya tara 13,382 a kaka 11. A nan kuma ba mu ji an ce Ben Roethlisberger, mai jifan Steelers, ya goya kowa ba.

Abin da ke riƙe waɗannan mutane a bakin ƙofa cunkoso ne. Masu zaɓen kusan hamsin ne, ana bukatar kashi 80 cikin ɗari, masu cafe ƙwallo kuma suna raba ƙuri'a a tsakaninsu har kowa ya tashi a tutar babu. Haka aka yi wa Cris Carter da Andre Reed da Tim Brown, sai da suka shiga ɗaya bayan ɗaya a 2013 da 2014 da 2015. A 2025 mutum huɗu kacal aka ɗauka. Na yi murna da Sterling Sharpe, wanda ciwon wuya ya datse wa wasa bayan kaka bakwai, amma raina ya ɓaci da aka sake tsallake Holt.

Nawa jerin a fili yake, ba na canza shi don wani ya shigo ɗaki: Holt tukuna, sai Smith, sai Wayne, Ward ya jira bayansu. Ranar Lahadi zan zo majalisa da alƙaluman kakar 2003 a rubuce a takarda, zan ajiye su a kan tabarma kusa da butar shayi, a gaban yaran da aka gaya wa Warner ne.