Daga Patna Zuwa Gusau: A Zauren Majalisa Ake Ƙirga Rinjaye

Ranar 28 ga Janairun 2024, babban ministan jihar Bihar, Nitish Kumar, ya ajiye muƙaminsa da hantsi, ya raba gari da abokan haɗakarsa na jam'iyyar RJD, kafin dare kuma ya sake shan rantsuwa tare da jam'iyyar BJP. Sauya sheƙa ba baƙon abu ba ne ga ɗan Zamfara, ko yana gida ko yana nan Indiya kamar ni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Rantsuwar ba ta wadatar ba. Sai da aka sa masa rana, 12 ga Fabrairu, ya shiga zauren majalisa a birnin Patna ya nuna mutanen da yake cewa suna bayansa.

A nan Indiya gwamnan jiha ba zaɓensa ake yi ba, shugaban ƙasa ke naɗa shi. Mai riƙe da mulki shi ne babban minista, kuma sashe na 164 na kundin tsarin mulkinsu ya ɗora shi da ministocinsa a ƙarƙashin majalisar dokoki: ranar da ta juya musu baya, ranar suka sauka. Saboda haka idan aka yi zaɓe babu mai rinjaye bayyananne, ko haɗaka ta watse, ko wasu 'yan majalisa suka janye goyon baya, gwamna na umartar babban minista ya nemi ƙuri'ar amincewa cikin wa'adi. Shi da kansa zai miƙe ya gabatar da ƙudurin, jimla ɗaya ce, cewa majalisa ta amince da gwamnatinsa. A yi muhawara, wani lokaci yini guda, sannan a kaɗa ƙuri'a. Kakakin majalisa na iya farawa da ƙuri'ar murya, amma idan aka nemi ƙirga, sai a buga ƙararrawa, a rufe ƙofofin zaure, kowa ya miƙe a layinsa ma'aikata su lissafa, ko a danna na'ura inda akwai ta. Kakaki ba ya zaɓe sai an yi kunnen doki.

Majalisar Bihar kujeru 243 gare ta, wato ana buƙatar 122 idan kowa ya halarta. Kafin ranar, jam'iyyar Congress ta kwashe 'yan majalisarta a jirgi zuwa Hyderabad, RJD ta tara nata a gidan jagoranta Tejashwi Yadav suna kwana can, BJP ta kai nata garin Bodh Gaya. Kowa na tsare garkensa kada a saye masa mutum cikin dare. Duk da haka, da aka buɗe zama sai ga 'yan RJD uku zaune a ɓangaren gwamnati, ana kallonsu a talabijin. Aka fara da cire kakaki, wanda ɗan RJD ne, da ƙuri'a 125 a kan 112. Da 'yan adawa suka ga inda iska ta dosa suka fice. Mataimakin kakaki ya so ya rufe maganar da ƙuri'ar murya, ɓangaren gwamnati ya ce a ƙirga. Aka samu 129, babu ko ɗaya a ɗaya gefen. Shi Nitish ɗin ma bai kaɗa ƙuri'a ba, domin shi ɗan majalisar dattawan jihar ne: yana da bakin magana a zauren, ba shi da ƙuri'a.

Ba haka kawai aka wayi gari da wannan ƙa'ida ba. A da gwamnoni kan zauna a fadarsu su ce sun gamsu gwamnati ta rasa rinjaye, sai gwamnatin tarayya a Delhi ta rushe ta da sashe na 356, wanda ke mayar da mulkin jiha hannun shugaban ƙasa. A 1994, a shari'ar S. R. Bommai, babban ministan da aka rushe gwamnatinsa a Karnataka ba tare da an ba shi damar gwada ƙarfinsa ba, alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka zauna, hukuncin ya fito cewa zauren majalisa ne wurin gwajin. Ba wasiƙa mai sa hannu ba, ba jera mutane a gaban gwamna ba. A 2018 gwamnan Karnataka ya bai wa babban minista Yeddyurappa na BJP kwana 15 ya nuna rinjaye, alhali kujeru 104 gare shi, ba su kai rinjaye ba. Kotu ta ce gobe da ƙarfe huɗu, domin dogon wa'adi kasuwa ce ake buɗewa. Ya sauka kafin a ƙirga. A Maharashtra a 2019 kotu ta ƙara da cewa ba ƙuri'ar sirri, kuma a nuna kai tsaye.

Tsarin na da ramukansa, kuma 'yan siyasa sun san su. Rinjayen da ake nema na waɗanda suka halarta suka kaɗa ƙuri'a ne, ba na dukan kujeru ba. Dokar hana sauya sheƙa ta 1985 ta ce wanda ya saɓa wa umarnin jam'iyyarsa a zaure na iya rasa kujera, sai dai idan kashi biyu cikin uku suka koma wata jam'iyya tare. To maimakon su saɓa, sai su yi murabus, adadin majalisa ya ragu, abin da ake buƙata ma ya ragu. Haka gwamnatin Kumaraswamy ta faɗi a Karnataka a Yulin 2019, 99 a kan 105. Kuma kakaki ne ke yanke hukunci kan wanda ya sauya sheƙa, shi ma ɗan jam'iyya ne, yana iya gaggawa yana iya jan ƙafa. Kuɗi na yawo a wannan harka, ba mai musu.

Amma ko da kuɗin, a ƙarshe mutum zai miƙe tsaye da fuskarsa, mazaɓarsa na kallo.

A gida fa? Mun san yadda aka yi a 2019 da hukuncin Kotun Ƙoli da ya soke nasarar APC a Zamfara, mun san yadda Bello Matawalle ya koma APC a Yunin 2021 da mafi yawan 'yan majalisa a bayansa, mun san yadda aka tsige mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau da ya ƙi bi, a Fabrairun 2022. Kafin su Mahmud Shinkafi ya bar ANPP yana kan kujera. Za a ce tsarinmu daban ne, jama'a ke zaɓen gwamna kai tsaye, ba majalisa ba, kuma gaskiya ne. Abin da majalisa ke da shi kawai sashe na 188 ne, na tsige gwamna: kashi ɗaya cikin uku su sa hannu, kashi biyu cikin uku su yarda a yi bincike, babban jojin jiha ya naɗa mutum bakwai, sannan kashi biyu cikin uku su sake amincewa. A majalisa mai kujeru 24 kamar ta Gusau ko ta Birnin Kebbi, gwamnan da ya riƙe mutum tara ba mai taɓa shi, ko da sauran 15 sun dawo daga rakiyarsa. Shi ya sa wuƙar tsigewa ta fi sauka a wuyan mataimaki. Shi ya sa kuma idan majalisa ta rabu, kamar yadda ta Zamfara ta rabu a 2024, ba a ƙirga, sai dakatarwa da zama biyu da sanarwar manema labarai, kowane ɓangare na cewa shi ne halastacce.

Idan na faɗi haka a cikin 'yan'uwa sai a ce ai mun gwada tsarin firaminista ya kai mu ga juyin mulkin 1966. Ina roƙon a sake duba tarihin. Rikicin Jihar Yamma na 1962 ya taso ne lokacin da gwamna Adesoji Aderemi ya cire Firimiya Akintola bisa wasiƙar da 'yan majalisa 66 suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zaure ba. Abin da Indiya ta hana a 1994 ke nan. Ba ƙirgar ce ta ɓata mu ba, gudun ƙirgar ne.

Yana yi mini ciwo idan abokin zama ɗan Indiya ya ga labarin Zamfara a waya ya tambaye ni me majalisarmu ta ce. Nakan gaya masa su ma suna da jihar Manipur mai fama da rikici, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma tambayar tasa na nan. Manomin Dansadau da ke biyan 'yan bindiga haraji kafin ya shiga gonarsa, da matar Zurmi da ke kwana a makaranta da 'ya'yanta, ba su da wata rana cikin shekara huɗu da za a rufe ƙofofin majalisa a tambayi wakilinsu: ka amince da yadda ake tafiyar da tsaron nan ko ba ka amince ba? Ba sai an canja kundin tsarin mulki kafin a fara wani abu ba. Dokokin zaman majalisa a hannun 'yan majalisar suke. Suna iya cewa duk ƙuri'a kan kasafin kuɗi, da bashin da za a ciyo, da dakatar da ɗan majalisa, da tsige kowa, a ƙirga ta suna bayan suna, a karanta a rediyon jiha da Hausa a daren ranar, yadda mutumin Maru da na Tsafe da na Shinkafi zai ji inda nasa ya tsaya.