Yadda ƙofar motata ta tsare ni a kujerar baya

Ƙofar baya ta dama ce ta fara yi mini tawaye, domin duk lokacin da na danna rimot sai ƙofofi uku su amsa da ƙwas, ita kuwa ta yi shiru kamar ba da ita ake ba. Na yanke shawarar gano matsalar da kaina, saboda na daɗe ina zargin cewa akwai basirar makanikanci a jikina wadda ba ta samu damar fitowa ba.

Abin da na fara yi shi ne sauya batirin rimot, wato ɗan faifan nan mai ƙarfin wuta bolt 3 da ake kira CR2032, kuma sai bayan na gama ne na tuna cewa rimot ɗin da ya buɗe ƙofofi uku ba shi da laifin ta huɗu. Daga nan na koma akwatin fiyus na yi ta zaro su ɗaya bayan ɗaya har agogon mota ya manta lokaci, alhali a motata fiyus guda ne yake kula da makullan duka, da ya ƙone da babu ƙofar da za ta motsa.

Na kara kunnena a jikin ƙofar na danna rimot. Da ɗan injin da ke tura makullin yana gurnani ba tare da ya kulle ba, da na ce haƙoran robar cikinsa ne suka cinye, amma shirun da na ji yana nufin ko dai ya mutu, ko kuma wuta ba ta isa gare shi. Na zaɓi mutuwa, na sayo sabo tun kafin in gwada komai. Na ɓalle marfin cikin ƙofar, na karya maƙalan roba huɗu, sannan na sa mitar auna wuta a kan wayoyi biyun da ya kamata su nuna bolt 12 na ɗan lokaci a kowace dannawa. Mita ba ta ko gezau ba.

A nan ne na shiga kujerar baya na ja ƙofar na rufe don in gwada a haka, na manta cewa igiyar ƙarfen hannun buɗewa ta tafi tare da marfin da ke jingine a waje. Na matsa ɗaya ƙofar, ashe makarin yara mai hana buɗe ƙofa daga ciki da na kunna da hannuna yana nan yana aikinsa. Na yi yunƙurin tsallakawa gaba, tumbina ya ƙi amincewa, sai na koma buga gilashi har uwargida ta fito.

"Maigida, gyaran ne ya kai ka nan?" in ji ta, tana buɗe ƙofar da yatsu biyu. Ƙofar tana kaiwa rabi, rimot ɗin da na zaune a kai ya dannu, makullin da ya yi sati yana gaba da ni ya ce ƙwas! Na janye robar da wayoyi ke ratsawa tsakanin ƙofa da jikin mota, sai ga waya guda ta karye saboda lanƙwasar buɗewa da rufewa, bakunanta suna haɗuwa ne kawai idan ƙofar ta tsaya a rabi. Na haɗa ta cikin minti 10, sabon injin kuwa har yanzu yana cikin kwalinsa, inda uwargida ta ajiye shi a kan teburina don in riƙa ganinsa kullum.