Injiniyan da bai taɓa kwance famfo ba

Duk wanda ke zagaya ƙauyukanmu ya san rijiyar burtsatse mai sola da ta mutu. Tanki na nan a sama, faifan sola ƙura ta rufe shi, yara kuwa sun koma rafi da jarkoki. Sau da yawa abin da ya lalace bai taka kara ya karya ba, amma babu wanda ya iya gyaransa a garin, kayan gyaran ma sai an aika Kano ko Legas. Injiniyoyi ne suka tsara aikin, kuma duk sun ci jarrabawarsu. Ba a dai taɓa tilasta musu tunanin wa zai kula da shi bayan an watse daga bikin buɗewa ba.

Irin wannan tunani ba ya shiga kan ɗalibi ta hanyar hadda. Jami'ar Aalborg ta ƙasar Denmak ta gane haka tun da aka buɗe ta a 1974. A can kusan rabin lokacin karatu yana tafiya ne a aikin rukuni: kowane zango ɗalibai su ɗauki matsala ta gaske, su yi ta fama da ita, sannan su kare aikinsu baki da baki a gaban malamai. A 2014 aka kafa cibiya a jami'ar ƙarƙashin inuwar UNESCO domin haɗa wannan salon koyarwa da batun ɗorewa a fannin injiniya.

Mu kuwa sai shekarar ƙarshe ɗalibi ke yin furojet, a yi masa bango mai kyau, a jera a kan kanta. Shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, wanda hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta fara a 1973, niyyarsa mai kyau ce, sai dai ɗalibai da dama sa hannu a littafi kawai suke nema.

Za a ce babu kuɗi, aji ya cika maƙil, ɗakin gwaji wayam. Gaskiya ne, kuma malami ɗaya ba zai iya bin rukuni hamsin ba. Amma ba kowane aiki ke buƙatar na'urar miliyoyi ba. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, da tukwane biyu ya yi suna: ƙarama cikin babba, jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan na ƙafewa yana janye zafi, kayan miya su yi kwanaki ba su ruɓe ba. Ya samu kyautar Rolex a 2000. Tukunyar ta fi aiki da rani, idan iska ta bushe; da damina ƙarfinta na raguwa. To ga aikin zango guda nan ga 'yan aji biyu: su auna zafi da laima, su gwada yumɓu iri-iri, su zauna da magina tukwane su fitar da farashin da mai sayar da tumatir za ta iya biya.

Ina ganin COREN, hukumar kula da aikin injiniya, da NUC, hukumar kula da jami'o'i, su wajabta irin wannan aiki tun daga shekarar farko, a kuma shigo da masu walda da makanikan Panteka ta Kaduna cikin masu duba shi, domin su suka san abin da ake samu a kasuwa. Sannan a riƙe wani kaso na makin har sai ɗalibai sun koma wurin bayan damina, sun rubuto abin da ya lalace, da wanda ya gyara, da nawa ya kashe.