Dokar da ta tare mai bishara a Myanmar ita ce ta tare mai da'awa

Yawancinmu ba mu san Myanmar ba sai ta dalilin 'yan Rohingya, Musulmin da sojoji suka ƙone wa ƙauyuka a 2017 har sama da mutum dubu 700 suka tsere Bangladesh. Akwai wani ɓangaren labarin da ba a cika kawo shi a majalisunmu ba, wato na 'yan mishan da Kiristocin ƙasar, kuma ina ganin ya shafe mu.

A 1813 wani Ba'amurke mai suna Adoniram Judson ya sauka Rangoon, birnin da yau ake kira Yangon, shi da matarsa Ann. Ya tarar da al'ummar da addinin Buddha ya ratsa jininta, da limamanta da littattafanta da makarantun gidajen ibada inda yara maza ke koyon karatu. Sai da ya shekara shida kafin mutum ɗaya tak, Maung Naw, ya karɓi baftisma a 1819. A tsawon wannan lokacin zama ya yi ya koyi harshen Bama (Bama tsohon sunan Myanmar ne, kuma sunan ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar), ya haɗa da Pali, harshen littattafan addininsu. Ya gina irin rumfar bakin hanya da suke kira zayat, inda matafiya ke hutawa, yana muhawara da duk wanda ya tsaya. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Bama da Ingila a 1824, aka ɗaure shi sama da shekara guda bisa zargin leƙen asiri. Bayan ya fito ya kammala fassarar Littafi Mai Tsarki a 1834.

Ni Musulmi ne, kuma ban yarda da saƙon da Judson ya kai ba. Amma hanyar da ya bi ban ga aibinta ba. Wanda ya koyi harshenka, ya zauna a rumfa ya faɗi hujjarsa, ya bar ka ka tashi ka tafi in ka ga dama, bai zalunce ka ba. Haka malamai da fatake suka kawo mana Musulunci ƙasar Hausa.

'Yan ƙabilar Bama dai galibinsu sun toshe kunne. Inda bisharar ta samu shiga shi ne wajen ƙabilun kan duwatsu, Karen da Kachin da Chin, kamar yadda 'yan mishan a nan suka samu kaɗan a masarautu amma suka yi ƙarfi a Filato da kudancin Kaduna. Ƙidayar 2014 ta nuna mabiya Buddha kusan kashi 88 cikin ɗari ne, Kiristoci kuwa kashi 6 da ɗoriya.

Ƙorafin mabiya Buddha ba na banza ba ne. Mishan ta bunƙasa a inuwar mulkin mallakar Ingila, Turawa kuma sun fifita ƙananan ƙabilu wajen ɗaukar soja, abin da ya bar tabo har yau. Kuma duk mai wa'azin da zai riƙe buhun shinkafa ko magani a hannu ɗaya, littafi a ɗaya, ya ce sai ka karɓi wannan kafin ka samu wancan, cinikin yunwa yake yi, ko a coci yake ko a masallaci.

Sai dai a dubi maganin da hukuma ta kawo. A 1966 gwamnatin Janar Ne Win ta kori 'yan mishan na waje. A 2015 kuma, bisa matsin ƙungiyar limaman Buddha ta Ma Ba Tha, aka kafa dokoki huɗu da sunan kare ƙabila da addini. Ɗaya daga ciki ta ce wanda zai sauya addini sai ya nemi izini a gaban kwamitin ƙaramar hukuma, a yi masa tambayoyi, ya jira kwana 90. Musulmi aka nufa da waɗannan dokoki, masu kamfen ɗinsu ma ba su ɓoye ba, amma ragar ta haɗa da Kirista. Jami'in da zai titsiye wadda za ta shiga coci shi ne zai titsiye wanda zai yi kalmar shahada.

Shi ya sa nake jin takaici idan na ji ɗan'uwa yana murnar an hana 'yan mishan sakat a wata ƙasa. Ba zai yiwu mu nemi a bar mai da'awa ya yi kira a Yangon, sannan mu yi tafi idan an rufe bakin fasto ba. Sojojin da suka ƙone ƙauyukan Rohingya a jihar Rakhine su ne, bayan juyin mulkin 2021, suka cinna wa garin Thantlang na jihar Chin wuta, gidaje da majami'u duka, har garin ya zama kufai.