Wa ya ga Nero da goge?

Akwai wani kwatance da masu sharhi suka mayar gishirin miya, kuma ya ishe ni. Da zarar ƙasa ta shiga rikici shugabanta ya yi nawa, sai a ce ya zama Nero, sarkin Rum na dā, yana kiɗan goge birnin Rum na ci da wuta. Yanzu ga gajerun bidiyoyi a TikTok da YouTube suna jera "mahaukatan sarakunan Rum", ana yaɗawa kamar mai maganar yana wurin aka yi.

Goge dai babu shi, don kayan kiɗan da ake goga wa tsirkiya bai iso Turai ba sai bayan ɗaruruwan shekaru. Wannan ma ƙaramin abu ne. Gobarar ta tashi a Yulin shekarar 64 Miladiyya, ta cinye unguwanni 3 cikin 14 ƙurmus, ta lalata 7. Marubucin tarihi Tasitus, wanda ko kaɗan ba ya ƙaunar Nero, ya rubuta cewa sarkin yana garin Antiyum wutar ta kama. Ya dawo, ya buɗe lambunansa ga waɗanda suka rasa matsuguni, ya sa aka kafa rumfuna, aka kawo kaya daga garin Ostiya, aka karya farashin hatsi. Batun cewa Nero ya rera waƙa wuta na ci kuwa, jita-jita Tasitus ya kira shi. A hannun wani marubucin, Suwetoniyus, ne jita-jitar ta zama labari, har da hasumiyar da sarkin ya hau. Marubuci na uku, Kasiyus Diyo, kuma ya ce a kan rufin fada ya tsaya. Ko wurin tsayuwar ba su daidaita ba.

To su wane ne shaidun? Tasitus yana yaro ɗan kimanin shekara 8 aka yi gobarar. Suwetoniyus sai bayan mutuwar Nero a 68 aka haife shi. Diyo kusan ƙarni guda ne tsakaninsa da abin. Tasitus da Diyo sanatoci ne, Suwetoniyus kuma magatakarda a fadar Sarki Hadiriyan. Ga maganata: a waɗannan littattafai, mugun sarki shi ne wanda ya taka manyan majalisa kuma bai bar magajin da zai kare sunansa ba. Mutanen da Suwetoniyus da kansa ya ce sun daɗe suna ajiye furanni a kabarin Nero ba su bar mana ko layi ɗaya ba.

Dubi Domishiyan, wani sarkin Rum ɗin. An kashe shi a 96, majalisa ta sa aka kankare sunansa daga duwatsu, aka rushe gumakansa. Tasitus da ya zo yana la'antarsa ya amsa da alƙalaminsa cewa a zamanin Domishiyan ya samu ƙarin girma. Ya ci da shi yana raye, ya zage shi bayan ƙasa ta rufe masa ido, a daidai lokacin da sabon gidan sarauta ke buƙatar a shafa wa tsohon kashin kaji. Suwetoniyus ma ya yarda cewa gwamnonin larduna ba su taɓa kama kansu kamar a ƙarƙashin Domishiyan ba. Wannan ba ya shiga bidiyo.

Agustus fa, sarkin farko na daular Rum? A shekarar 43 kafin Miladiyya yana cikin mutum uku da suka fitar da jerin sunayen waɗanda za a kashe a ƙwace dukiyarsu, har da fitaccen sanata Sisero. Amma ya yi mulki sama da shekara 40, ya mutu a gadonsa, magajinsa ya hau, aka mai da shi abin bauta. Shi ke nan, ya zama uban zaman lafiya.

Za a ce ruwa ba ya tsami banza, ai Nero ya kashe mahaifiyarsa a 59, ya kuma azabtar da Kiristoci. Ya yi, ba wanda ya zo wanke shi da soso da sabulu. Kisan uwa bai mai da ƙaryar goge gaskiya ba.

Masu wannan sana'a su riƙa faɗin wa ya ce, yaushe, kuma a inuwar wane sarki yake cin abinci. In ba za su iya ba, su nemi wani misalin, su ƙyale Nero ya ji da laifukan da ya aikata da hannunsa.