Lasisin AI: wa za a kama, wa za a ƙyale?

Duk sanda na ji ana batun yi wa ƙirƙirarriyar basira, wato AI, doka da lasisi a Najeriya, sai gabana ya faɗi. Ina son doka, amma na san halinmu: in abu ya ɗaure mana kai, sai mu garƙame shi.

A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa kuɗin kirifto. Matasa suka daina? Ina! Suka koma ciniki tsakaninsu ta waya, inda idon hukuma bai kai ba, har bankin ya janye umarnin a Disambar 2023. A Yunin 2021 kuma aka rufe Twitter wata bakwai. Masu zagin gwamnati suka sauke VPN, wato manhajar tsallake toshewar intanet, suka ci gaba da abinsu, masu tallan atamfa da turare suka ji a jikinsu.

Amma akwai inda doka ta yi rana. Ku tuna manhajojin bashin nan da ke kwashe lambobin wayarka, in ka yi lattin biya su tura wa surukanka saƙo cewa kai ɓarawo ne. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta tilasta musu rajista, daga baya Google ya hana su leƙa lambobin mutane. Ba a gama da su ba, amma an rage musu ƙarfi. Hukumar ce dai ta ci Meta, kamfanin Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a 2024 kan bayanan 'yan Najeriya. A nan ɓarnar aka bi, ba fasahar kanta ba.

Dokar AI da Tarayyar Turai ta yi a 2024 ma haka take, gwargwadon haɗari gwargwadon takura. Manhajar da ke tantance masu neman aiki ko bashi tana shan bincike, mai tace saƙonnin banza kuwa ba ruwan kowa da ita.

To wanda ya kwaikwayi muryar malami ko ɗan siyasa don tada fitina, musamman ga zaɓen 2027 na tafe, a hukunta shi, ba sani ba sabo. Amma yaron da ke Zariya yana haɗa manhajar fassara Hausa a ɗakin gwauro, don Allah kada a ce sai ya je Abuja neman takarda. Google na da lauyoyi, zai biya kuɗin lasisi ko a jikinsa, har ma ya ji daɗi an rage masa 'yan kishiya. Yaron nan kuwa kuɗin mota kaɗai sun isa su sa ya haƙura.