A gyara rumbunan Mail Pouch, amma a bar tallan ya koɗe

Duk wanda ya bi hanyoyin karkara a jihohin Ohio, West Virginia ko Pennsylvania a Amurka zai ci karo da manyan rumbunan katako, bangonsu baƙi ko ja, da haruffa farare da ruwan ɗorawa masu kiran mutane su tauna tabar Mail Pouch. Kamfanin Bloch Brothers na garin Wheeling a jihar West Virginia ne ya fara wannan talla tun wajen 1891. A farkon shekarun 1960 rumbunan sun kai kimanin 20,000 a jihohi 22. Yau yawancinsu sun rushe, sauran kuma rana da ruwan sama na cinye fentinsu.

Masu son a adana su suna da gaskiya. Rumbunan shaida ne na yadda manomi ya rayu. Kuɗin hayar bangon bai taka kara ya karya ba, dala ɗaya ko biyu a shekara, amma fenti kyauta da ke kare katako daga ruɓewa shi ne ainihin ladan. Manomin da ba shi da halin sayen fenti sai ya ba da bangonsa.

Ga kuma gwanintar hannu. Harley Warrick, mutumin Belmont a Ohio, ya shiga aikin bayan dawowarsa daga yaƙin duniya na biyu, ya yi ta yi har ya ajiye buroshi a 1992, shirin ma ya tsaya da shi. Ba ya amfani da ma'auni ko zanen gwaji. Daga tsakiya yake farawa, idonsa ne ke raba haruffa, cikin sa'o'i shida ya gama bango. Irin wannan mutum bai kamata a bar aikinsa ya bi iska ba. Majalisar dokokin Amurka ma ta ga haka: dokar 1965 ta taƙaita allunan talla a bakin manyan hanyoyi, amma a 1974 aka ware irin waɗannan rumbuna a matsayin kayan tarihi.

Inda na rabu da wasu masu kishin rumbunan shi ne batun sabunta rubutun. Tabar taunawa tana jawo ciwon daji na baki, tana lalata dasashi da haƙora, kuma tun 1986 aka hana tallanta a rediyo da talabijin a Amurka. Bangon da aka sake wa fenti fes yana kiran yaron da ke wucewa ya tauna taba, talla ne kawai, ko da masu sa kai ne suka riƙe buroshin, kuma har yanzu ana sayar da wannan taba.

A gyara rufi, a canza ginshiƙan da gara ta ci, a shafa wa katako abin da zai kare shi ba tare da rufe tsohon rubutun ba. A gefe a kafa ɗan allo mai bayanin wanda ya yi fentin, abin da aka biya manomi, da cutar da tabar ke jawowa.